Muryar Bashir da Kukan Fanka

Kun taso kuna jin maganar nan a bakin mata wurin biki, da bakin 'ya'yan Yaya Ashiru in faɗa ya haɗa ku, wai ubanku ne ya kashe muryar Bashir. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba, kun san halina, waɗanda zan yi musu da su ne suka girme ni. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya kai inda ba na ganin kan sukuru sai na ɗora tabarau a kan tabarau. Don haka bari in gaya muku yadda aka yi, in kun so ku riƙe, in kun so ku watsar.

Mu uku Inna ta haifa maza. Yaya Ashiru ne babba, yana sayar da lemo da kankana a kasuwar Zuba, mutum mai tsoron Allah da taurin kai, har ba ka iya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Sai ni a tsakiya, ina da shagon gyaran kwamfuta a bayan tashar Utako, muna zaune a Jiwa da uwarku. Autanmu Bashir shi ne ya yi boko sosai, ya samu aiki a wata ma'aikata. Hayar gida a cikin gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa ya zauna da matarsa Rabi a ɗaki ɗaya cikin gidan Yaya a Zuba, inda Inna take. Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, kuɗi ya ɓarke a Abuja, ko'ina ka duba gini ake yi. Ma'aikatu suka shiga zubar da tsofaffin kwamfutoci suna sayo sababbi, tsofaffin kuma a yi gwanjonsu ga ma'aikata. Duk wanda ya saya, shagona zai nufo da ita a ka. Kuma ciwonsu kusan ɗaya ne, zafi. A cikin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwarta, 'yar aba ce da ba ta kai tafin hannu ba, amma tana ɗaukar zafi kamar kaskon suya. Ana ɗora mata wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi ya tsotse zafin, muna ce masa hitsin, a kansa kuma 'yar fanka tana hurawa. In boris ɗin da fankar take juyawa a kansa ya ci, sai ta fara kuka. In aka bar ta ta tsaya, zafi ya taru a cikin akwatin ya dafa duk abin da ke ciki, har faifan da ake ajiye komai a kansa. Da wannan aikin na ciyar da ku, cire fanka, goge ƙarfe, shafa farin maiko, mayar da sukuru.

Bashir ma ya sayi tasa a gwanjo, tsohuwa ce ƙwarai, irin waɗanda ba su da inda za ka soka wani abu ka kwashe abin da ke ciki. Ina kunna ta na ji fankar tana ɗan gurnani. Na gaya masa, ya yi dariya.

"Kai Yaya Sabi'u, kowane inji ka gani sai ka ce ba shi da lafiya. Ni ma da za ka buɗe ni cewa za ka yi fankata ta ci."

"Taka ta daɗe da ci," na ce masa. "Wannan irinta ba ta samuwa a kasuwa, sai na tona bola. Na ɗiga mata man keken ɗinki, zai kai ka 'yan watanni. In na samu ka dawo da ita."

Ba aikin ofis ya saye ta dominsa ba. Makirfo ya haɗa mata, ya mai da ita wurin ajiye murya. Yana da muryar karatu mai daɗi, ya ɗauki kansa yana karanta surori. Ya ɗauki kansa yana kwaikwayon yadda Inna take yi wa masu tallan manja ciniki, ana jin Inna daga tsakar gida tana cewa, "Ɗan nema, zan saɓa maka," tana dariya har da tari. Akwai kuma ɗaya da ba kowa ya sani ba. Rabi ta samu ciki, na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a gidanmu, mutum ba zai ko ɗaga yaron a gaban uwarsa ba, balle ya yi maganar ciki. Wata rana ya biyo shago, yana wasa da sukudirebata ba ya kallona, ya ce abin da ba zai iya faɗa a gaban mutane ba ya faɗa wa inji, ya yi wa baƙon da ke tafe magana, in ya yi wayo a kunna masa. Na yi masa tsiya son raina, ya gudu yana rufe fuska da hula.

Cikin bai ma fito ba Allah ya karɓi ran Bashir. Motar hayar da ya shiga ce ta kife da su da safe a hanyar shiga gari. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

Bayan an share makoki, Yaya ya tara limamin unguwa da kawun Rabi da ya zo daga Katsina, aka duba abin da Bashir ya bari, ba shi da yawa. Liman ya ce tunda akwai ciki, ba za a raba gado ba sai an haihu an ga abin da Allah ya kawo. Yaya ya miƙe ya ce kowa ya shaida, daga yau ko tsinke ba zai fita daga ɗakin nan ba, ba mai buɗewa, ba mai sauyawa, dukiyar maraya ce, wuta ce. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, don a ranar ban tuna da fanka ba.

Inna ce ta tuna da injin. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ta daina cin abinci, ta rame har zobenta yana zamewa. Wata safiya ta shiga ɗakin da Rabi take takaba ta ce, "Kunna mini yaron nan." Rabi ta kunna. Tun daga ranar, da hantsi ya yi in akwai wuta, Inna za ta shiga ta zauna a tabarma, a sa mata karatun, a sa mata wasan cinikin manja, ta amsa masa daidai inda ta amsa a da, sannan ta fito ta sha koko. Da wannan ta rayu, duk gidan an sani. Ranar da na je gaishe ta na tarar ana yi, ban ji daɗin muryar ba, don kunnena na mai gyara ne. A ƙarƙashin karatun, fankar tana kuka, ƙiii, kamar ana jan ƙofar langa-langa. Kuma an lulluɓe akwatin ruf da wani bargo mai kauri, an manna shi da bango. Na kai hannu na ɗaga bargon, zafi ya bugi tafina.

"Inna, wa ya rufe ta haka? Numfashi take nema. Ta bayan nan take shan iska."

"Ni na rufe. Akwai Alƙur'ani a ciki, Sabi'u. Ka taɓa ganin an bar Alƙur'ani tsirara a kan tebur, ƙuda na hawa?"

Na yi bayani, ta gyaɗa kai, na cire bargon. Da na dawo bayan kwana biyu yana nan inda yake, har an ƙara masa ɗan ƙyalle mai ado a sama. Na sayo fankar tebur na saita ta tana hura akwatin, sai na tarar Inna ta juya ta wajen Rabi, wai mai ciki ta fi inji buƙatar iska. Ban iya cewa ta yi laifi ba.

Na bazama neman fanka. Na tona tarin matattun kwamfutoci a bayan shagunan Utako da Wuse, hannuna duk yanka. Wani mai sayar da kayan gyara, ba Bahaushe ba ne, ya gaji da ganina ya ce, "Oga Sabi'u, wannan fanka ya mutu tun zamanin soja, ka saya sabon kwamfuta mana, kuɗi ya zo gari." A ƙarshe na samu a cikin wata da aka jefar, lafiya lau, har da ƙarfenta. Na wanke, na gwada, tana juyawa shiru kamar ba a kunna ba. Na naɗe a tsumma na nufi Zuba, na sami Yaya a rumfarsa ana sauke kankana.

"Yaya, aikin bai kai a sha shayi a tashi ba. A gabanka zan yi. In cire tsohuwar in sa wannan, in kuma ciro faifan in kwafe muryar a wani wuri, ko da tsautsayi."

"Ka cire, ka sa, ka ciro. Kai ba ka ji abin da na faɗa a gaban liman ba?"

"Na ji. Amma kullum ana kunna ta, wannan ba taɓawa ba ne?"

"To je ka gaya wa Inna ta daina." Ya san ba mai iyawa. Ya goge hannu a rigarsa ya matso kusa da ni. "Sabi'u, ka san abin da ake faɗa a kan masu gyara, a cire mai kyau a sa mara kyau. Ni na san ba halinka ba ne. Mutanen Katsina ba su sani ba. Gobe a ce 'yan'uwan miji sun buɗe kayan maraya tun bai zo duniya ba? Ba da ni ba. Ka yi mini alkawari."

Maganar ta soke ni, har yau in na tuna sai na ji ɗacinta. Na je wurin liman, ya ce gyaran da zai tsare dukiyar maraya ba laifi ba ne, amma a yi da yardar dangin matar. Aka aika wa kawun Rabi, ya ce a dakata yana nan tafe. Bai zo ba. Aka sake aikawa, ya ce ai inji ba ya ruɓewa kamar tumatir. Yaya ya riƙe wannan, ya sa ni na yi alkawarin a gaban Inna.

Bazara ta shigo, irin ta Zuba, wadda kwanon ɗaki yake ƙara da rana tsaka. Kukan fankar ya sauya, ya zama tana yi tana shiru, kuma shirun ya fi ba ni tsoro. Injin ya fara kashe kansa a tsakiyar sura. Daga baya na fara jin wani sauti daga wajen faifan, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Duk mai gyara ya san wannan sautin, sallama ce. Na faɗa wa Yaya, na faɗa wa Inna, na faɗa har aka fara cewa Sabi'u ya cika naci a kan kayan mamaci, ko akwai abin da yake so a ciki. Fankar nan tana cikin jakata duk inda na je, har masallaci. Ban taɓa jin rashin amfanin kaina irin na watannin nan ba, ga magani a hannuna, ga mara lafiya ina kallo, an ce in jira.

Wata ranar kasuwa na je da azahar, Yaya yana rumfa, Inna ta tafi barka maƙwabta. Rabi ta yi mini magana daga bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya Sabi'u, ka shigo ka buɗe ta. Wallahi ba wanda zai ji a bakina. Jiya sau uku tana mutuwa kafin ta kai inda yake yi wa yaron magana."

Sukudireba tana aljihuna. Na tsaya a bakin ƙofar nan ban shiga ba. Ɗakin mai takaba ne, ba kowa a gidan, ga alkawari na yi a gaban uwata. Da an gan ni na fito daga ɗakin, ba ni za a yi wa magana ba, ita za a yi wa, kuma irin maganar da ba ta wankuwa. Na ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan ta sauka, ta rage kunnawa, ta riƙa cire bargon in Inna ta fita. Na juya na tafi. Ba gafara nake nema a wurinku a kan wannan ba. Ko yau aka mai da ni bakin ƙofar nan, juyawa zan yi. Ina gaya muku ne don ku san abin da juyawar ta ci.

Da ruwan farko Rabi ta haifi mace, aka sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi, ita ce Ummin da kuka sani. A makonnin haihuwa da jego ba wanda ya kunna injin, don haka abin da kowa ya riƙe a ransa shi ne tana magana. Bayan suna kawu ya zo, liman ya zo, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka raba abin da za a raba, kwamfuta ta faɗa rabon Ummi. Sannan Yaya ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "To, bismilla, ga ta nan."

Na kwance sukuru na zare murfin. Fankar ta ƙame, na tura ta da yatsa ta ƙi motsi. Haƙoran ƙarfen sun toshe da gashin bargo, ya dunƙule kamar auduga. Maikon da ke ƙarƙashi ya bushe ya zama gari. Na nuna wa liman, na nuna wa kawu, suka leƙa suka gyaɗa kai irin na wanda aka nuna wa rubutun da bai iya karantawa ba. Na goge ƙwaƙwalwar, na shafa sabon maiko, na ɗora ƙarfen, na ɗaure fankar, hannuna bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Na so in fara ciro faifan in kai shago, kawu ya ce a'a, a kunna kowa ya ji tukuna. Aka jona wuta, na danna. Fankar ta tashi shiru, iska mai sanyi tana fita ta baya. Allon ya kawo haske. Sai ƙas, ƙas, ƙas. Wani ɗan rubutu ya fito yana cewa ba a ga faifai ba. Na kashe na kunna. Na sauya waya na kunna. Gumi yana ɗiga daga haɓata a cikin akwatin.

Kawu ne ya fara magana.

"Ikon Allah. Da dai tana magana kafin a taɓa ta."

Yaya bai ɗaga kai ba, ya ce, "Abin da na guda ke nan."

Na buɗe baki in ce watanni nawa ina faɗa, sai Inna ta taso da sandarta ta zo ta tsaya a kan injin. Ta kara kunne kusa da shi, ta daɗe tana saurare. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Sabi'u, ina kukan da take yi?"

"Na gyara shi, Inna. Fankar ce."

"Ko shi ma ka raba ni da shi," ta ce, ta koma ɗakinta.

Na kai faifan nan Kano, na kai shi Legas wurin waɗanda suka fi ni, duk wanda ya kara a kunne sai ya miƙo mini abina. Zafi ya riga ya gama da shi tun cikin bazara. Inna ba ta ƙara tambayar injin ba, ta koma barin kokonta yana sanyi, ba ta ga wata damina ba. Ni da Yaya muka koma gaisuwar salla da ta jana'iza, a haka har ya rasu. Bai taɓa cewa na yi da gangan ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce na gargaɗe shi ba, kuma wannan shirun nasa ne ya zama maganar da kuke ji a gidajen biki. Na tsani sana'ata a shekarun nan. Kowace fanka na ɗaure ta tashi lafiya, sai in ji kamar tana yi mini dariya.

Sai da Rabi za ta sake aure na san akwai kaset. Ashe bayan na juya daga bakin ƙofarta, ta ari rikodar maƙwabta ta ajiye a gaban sifika, ta ɗauki maganar da Bashir ya yi wa cikin. Ta kunna mini a zaure. Rikodar tana jingine da akwatin ne lokacin ɗauka, don haka abin da ya cika kaset ɗin kukan fanka ne, ƙiii, daga farko har ƙarshe. Can ƙasa, in ka riƙe numfashi, kana jin kamar mutum yana magana a ɗaki na uku. Kalma ɗaya ban iya tsinta ba. Rabi ta ce ita tana ganewa don ta haddace, kuma kullum tana kunna wa Ummi ta ce mata ga Babanki.

Ummi tana da kamar shekara huɗu uwarta ta biyo da ita shagona, za su shiga mota a Utako zuwa Katsina, ta bar ta wurina ta je yankar tikiti. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a kan tebur da wani ma'aikaci ya kawo, yana tsaye yana duba agogo. Na kunna ta in ji ciwonta, fankar ta saki kuka. Na ɗauki sukudireba ke nan na ji an riƙe mini hannun riga. Yarinyar ta sauko daga benci, idonta a kan akwatin, fuskarta duk murna.

"Baffa, kar ka taɓa. Babana ne yake magana."

Mai injin ya ce, "Oga, yaya dai? Ina sauri fa." Na ce masa ya dawo gobe. Na ajiye sukudireba, na ɗora ta a cinyata, muka zauna ni da ita muna saurare, har injin ya yi zafi ya kashe kansa.